Kitson da Hellen Ba Ta Ƙarasa Ba

"Maman Hussaini, riƙe mini wancan gefen, madubin nan da nauyi."

Sa'adiya ta ajiye tiren gyaɗarta ta kama. Hellen mai shagon kitso so take ta sauke madubin daga bango, don ran Asabar yayanta Kambai zai zo ya mayar da ita garinsu Manchok jinya, ya sayar da kayan shagon. Kafin su ɗaga tari ya turnuƙe ta. Ta saki, ta zube a kujerar da ta saya domin masu kitso.

Kujerar dai kusan ba ta san kowa ba sai mai ita. Hellen ta yi shekaru a Kaduna tana wanke kawunan matan manya a shagon wata mata, tana ƙona yatsu da matajin ƙarfe, har hannunta ya faɗa. Ta dawo Kafanchan ta kama ɗaki a hanyar tashar jirgi, jikin gidan su Sa'adiya, ta shirya komai yadda ta gani a birni: ƙofa a wangale, taga ba labule, madubi yana kallon titi don masu wucewa su ga aiki su yi sha'awa. Masu wucewar kuwa leburorin reluwe ne da 'yan dako. Wace matar aure ce za ta tuɓe ɗankwali, kai a tsefe, a gabansu? Matar wani malamin makaranta ce ta taɓa daurewa ta zauna. Ana cikin aiki Hellen ta share gashin da ya zuba ta watsa a kwata, matar ta ɗaura ɗankwalinta ta fice. A garin nan kowace mace dunƙule gashinta take ta tafi da shi ta binne, kada ya faɗa hannun mugu. Kafin yamma labari ya kai coci, ya kai kasuwa, mata suka koma gindin mangwaro suna yi wa juna kitso, ga gulma kyauta.

Kowa ya ɗauka wani ya gaya mata, don haka babu wanda ya gaya mata. Kullum da safe tana kunna risho ta ɗora mataji ya yi zafi, da yamma ta kashe. Ta katanga Sa'adiya take jin tsintsiyarta tana share dandamalin da babu komai a kansa, abin yana cin ranta.

"Ko kai ɗaya ban taɓa gamawa a shagon nan ba," in ji Hellen da tarin ya lafa. "A gida za su ce me na koyo a Kaduna? Gaya mini gaskiya, Maman Hussaini, hannuna ne ba kyau?"

"Hannunki lafiya lau, Sista. Tagarki ce, da tsintsiyarki."

Ta zayyana mata komai. Hellen ta kalli tagar, can ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Labule kawai? Labule ne ya kashe ni?"

Sa'adiya ta miƙe. Ta yaye mayafinta ta rataya a tagar, ta tura ƙofa, ta cire ɗankwali.

"Tashi ki ba ni kujera. Shuku nake so."

Yatsun Hellen sun yi sanyi, amma Sa'adiya ba ta taɓa jin kitso mai taushi irin wannan ba. Tsaga tana fita sambal, babu fizga, babu ciwon kai. Sai dai bayan kowane layi Hellen takan dafa kujera ta nemi numfashi. Da aka kira magariba gefen dama kaɗai aka gama.

"Gobe da sassafe mu ƙarasa," ta ce. "Kada ki bari wani hannu ya taɓa mini aiki."

"Wa zai taɓa?"

Da gari ya waye Sa'adiya ta kasa kunne, ba ta ji tsintsiya ba. Ta gama dama koko, shiru. Da ta tura ƙofar shagon ta sami Hellen kwance a tabarma bayan kujera, ta lulluɓa da zane, rai ya riga ya yi halinsa.

A ranar Kambai ya zo da akwatin gawa a bayan mota. Matan zumuntar coci suka cika shagon da bai taɓa ganin mata biyu a lokaci guda ba, suna waƙa ƙasa-ƙasa, wasu suna satar kallon kansu a madubi. Sa'adiya ta je cire mayafinta daga tagar, sai ta ga wani ɗan ƙulli na tsumma a kan tebur, kusa da mataji. Ta kwance. Gashinta ne na jiya, an tsince shi tas, ko sili ɗaya ba a bari a ƙasa ba. A nan kuka ya zo mata.

Makonni suka wuce. Ƙanwarta ta yi ta cewa ta kawo kan a ƙarasa, ko a tsefe, ita kuwa ta ce ba yanzu ba. Wani tela ya kama shagon, ya sa labule. In ta idar da sallar asuba takan zame ɗankwali ta shafa kanta, gefen hagu a tsefe, gefen dama layukan Hellen, sun fara sakwarkwacewa.