Farantin Ikrima

Mijina Yunusu ya karya min haƙori biyu ranar sadakar arba'in ta ɗanmu Ikrima.

Wata huɗu yaron ya yi a duniya. Idonsa ya yi rawaya, kashinsa fari kamar alli, cikinsa ya kumbura. Likita Hidaya ta ce hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta ce ta toshe. Kafin a yi masa aiki ta roƙe ni ɗan guntun hantarsa, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ce za su rene shi a faranti ya tsiro, su gano abin da ke toshe hanyar a jarirai. Yunusu direba ne, yana kan hanya da kaya. Na dangwala yatsa a takardar amincewa, ban gaya masa ba.

Ikrima ya rasu bayan aikin, guntun kuwa ya rayu. Duk Alhamis nakan hau kalando, babur ɗin haya, daga unguwarmu Habbena zuwa asibitin, Hidaya ta sa idona a madubin na'urar ƙara girma. Ƙananan ƙwallaye ne kamar kumfar sabulu, kowane mako suna ƙaruwa.

Ranar arba'in mata suna min ta'aziyya, sai bakina ya suɓuce, na ce ai wani abu nasa yana nan da rai. Maganar ta isa wurin maza. Yunusu da hannunsa ya yi wa yaron wanka. Ya ce ashe ɗansa bai cika ba ya binne shi. Ya ɗauki ƙarfen cire taya ya nufi asibitin, na bi shi ko takalmi babu.

Mai gadin asibitin ya tare shi, Yunusu ya karya masa hannu. Hidaya ta tsaya gaban akwatin ɗumi da farantan ke ciki, ya fisgi mayafinta ya buga kanta da bango. Ya rotsa ƙofar akwatin, faranti uku suka tarwatse, jan ruwa ya malala a ƙasa. Na riƙe shi, ya ba ni gwiwar hannu a baki.

Hidaya tana zaune, jini a goshi, ta ce, "Malam, na yara goma sha ɗaya ne a ciki."

Ya ce, "Wanne ne nawa?"

Ya sake ɗaga ƙarfen. Na san wurin farantin Ikrima, layi na biyu, gefen hagu. Na tofar da jini, na ce, "Baban Ikrima, ga shi nan. Ka bar na mutane."

Ya ajiye ƙarfen. Ya naɗe farantin da farar hularsa, ya rungume shi kamar yadda ya ɗauki gawar. A maƙabarta jandarmomi suka same shi, ya riga ya binne farantin ya mai da ƙasa.

Yana tsare har yanzu. Hidaya ta aiko min cewa faranti bakwai sun tsira, in ina so in zo in gani. Ban je ba. Amma duk Alhamis sai in ga na ɗaura zanen fita, in zauna a tsakar gida har azahar.