Sakin da Hamidu Ya Haddace

A Illela an san Hamidu da abu biyu. Sai da ya yi gemu ya shiga boko, kuma ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ya zo hutu daga kwalejin horar da malamai a Sakkwato, inda suke koyon wasan kwaikwayo. An ba shi matsayin miji mai fushi. Yana hadda a tsakar gida, ya rasa wanda zai fuskanta, sai ya dubi matarsa Hindatu tana tankaɗe, ya ɗaga murya: "Tafi gidanku, na sake ki!"

Hindatu ta ajiye rariya, ta ɗauki mayafi.

"Karatu nike yi!" in ji shi.

Ba ta waiwaya ba, don kowa ya san ba a wasa da saki.

Hankali tashe ya bi ta har zauren baffanta Malam Lukmanu, ya durƙusa ya yi bayani. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Maganar wa ce wagga?"

"Ta wani Tanko ce cikin wasan, Allah gafarta Malam. Babu shi ma duniya."

"To, mai maimaita maganar wani bai saki matatai ba. Aure na nan. Amma gobe in za ka yi hadda, ka fuskanci akuya."

Hamidu ya yi godiya, ya yunƙura zai tashi.

Daga bayan asabari Hindatu ta ce, "Baffa, aure na nan, amma ni ban ji komi ba tukuna."

Hamidu ya sunkuyar da kai, ya gyara murya.

"Na yi kuskure, uwargida. Ki yi haƙuri."