Tabarmar Karɓar Gaisuwa

Ranar sadakar ukun Muktar, tun da hantsi gidan Batula da ke Balan ya cika da mata. Tana zaune a tabarmar masu karɓar gaisuwa, kowa ya ce "Allah Ya jiƙansa" ta ce "amin". Hankalinta yana bayan katanga, inda samari ke wasa adduna a kan dutse.

Muktar ɗanta ne na fari. Shanun rugar Bappa ne suka faɗa masa gonar gyaɗa bai kwashe harawa ba. Cacar baki ta kaure tsakaninsa da Ja'afar, ɗan Bappa, har Ja'afar ya sauke masa sanda a ka. Kafin a isa asibiti a Gaya rai ya yi halinsa. Ja'afar yana hannun hukuma, amma samarin unguwa sun rantse sai sun ƙone rugar.

Zunnuraini, ƙanin Muktar, shi kaɗai ya rage mata. Ya shigo ya durƙusa a gabanta. Tun rasuwar mahaifinsu, ko kasuwar Ajingi ba ya zuwa sai ta ce masa a dawo lafiya.

"Inna, ki ce min a dawo lafiya."

"Ina za ka?"

"Kin sani."

Ta sani ɗin. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne, zuciyarta tana so ta faɗa.

Ba ta kai ga buɗe baki ba gidan ya yi tsit. Kadijatu ce, matar Bappa, uwar Ja'afar, tsaye a bakin zaure, takalmanta a hannu, yau babu ƙwaryar nono a kanta.

"Kai, jama'a!" in ji Kubura, maƙwabciyar Batula. "Kin zo ganin ko akwai saura ne?"

Kadijatu ta sunkuyar da kai. Batula ta daɗe tana kallonta. Shekarar da ta haifi Muktar zazzaɓi ya ƙafar mata da nono, yaron ya dinga kuka har muryarsa ta dushe. Kadijatu, wadda ke goyon Ja'afar a lokacin, ita ta ɗauke shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har aka yaye su tare. Mai Haɗama take kiransa, wai ba ya bar wa ɗanta komai.

Batula ta miƙe da ƙyar, ta je ta kamo hannunta, ta zaunar da ita kusa da ita.

"Yaya Batula, nan fa ba wurin baƙi ba ne," in ji Kubura.

"Na sani. Ita ta shayar da shi. Ku yi mata gaisuwa."

Aka rasa mai motsi. Can wata tsohuwa ta ja jiki ta matso, ta ce, "Kadijatu, ya haƙuri?" Sai Kadijatu ta kifa kai a gwiwa, ba abin da take cewa sai "Mai Haɗamana, Mai Haɗamana."

Zunnuraini ya miƙe. "Inna, ɗanta ne fa ya kashe Yaya."

"Ɗanta ne kuma aka binne. Ɗakin da za ka cinna wa wuta, a ciki yayanka ya koyi rarrafe."

"Kin yafe ke nan?"

"Ban yafe ba. Ban ma san ko zan iya ba. Amma bakina ba zai raka ka can ba."

Ya fita. Ta ji hayaniya a bayan katanga, wani yana ce masa matsoraci, ɗan Inna. Daga baya ƙarar dutsen ta tsaya. Tunda mai jinin bai shiga gaba ba, babu wanda ya tafi.

Washegari ta dama wa Zunnuraini kunu ta rufe, har ya huce bai shigo gaishe ta ba. Da azahar Kubura ta zo ta faɗa mata, tana kauda ido, cewa an gan shi a tashar Ajingi da jakarsa, ya shiga motar Kano.

Batula ta ɗauki kwanon kunun ta mayar madafa. Ta dawo ta tsaya a bakin zaure, tana kallon hanyar da babu kowa a kanta.

"A dawo lafiya," ta ce.