Kunnen Kehinde Na Hagu

A gidanmu ba a cewa Taiwo ta rasu. Cewa ake ta tafi kasuwar Ikko sayo atamfa. Haka muka gaya wa 'yar'uwar tagwaicinta, Kehinde, domin kowa a Oshogbo ya san in ɗan tagwayen da ya tafi ya ji kewa, dawowa yake ya ja ɗayan.

Iyayenmu sassaƙa ɗan mutum-mutumi suke yi a madadin wanda ya tafi, a riƙa yi masa wanka ana ajiye masa wake da manja. Limaminmu ba ya son wannan. Sai matata Morenike ta ce a yi hoto na fentin mai, a zana Kehinde sau biyu a yadi ɗaya, ta dama ta zama Taiwo tunda ita ta fara zuwa duniya, ta hagu Kehinde.

Muka kai ta wurin Baba Akanmu mai zane. Tsoho ne bahago, shagonsa cike da hotunan kogi da duwatsu da gonakin koko, ga warin mai kamar na kananzir. Kehinde ba ta iya zama wuri ɗaya, sai mutsu-mutsu take a kan kujera.

"Ke 'yar ƙadangaruwa, tsaya mana," in ji shi. "Ki saurara da kyau. Ba inda za ki je sai na gama ki. Kin ji?"

"Ko makaranta?"

"Makaranta kam dole. Ji min wayo."

Ana cikin aikin zazzaɓi ya kama ta. Likita ya ce na sauro ne, ya ba da magani, amma jikin sai ƙara zafi yake. Da na taso daga wurin da nake facin taya da rana, na bi ta shagon don in ga inda aka tsaya.

Hoton na jingine a bango. Ta dama, Taiwo, kumatunta na sheƙi, leɓenta ja, kamar za ta kira ni. Ta hagu kuwa toka-toka ce tun daga goshi har wuya, idanun ba haske. Na taɓa ganin wannan launin a fuskar yaro sau ɗaya, ranar da na ɗauki Taiwo a hannuna zuwa maƙabarta.

Na zauna a kan gwangwanin fenti.

"Baban Tagwaye, lafiya? Ka zauna mini a kan shuɗi."

"Baba, me ka yi wa 'yata?"

Ya dubi hoton, ya dube ni. "Ai haka ake farawa. Kowace fuska da fenti mai launin toka nake shimfiɗa ta, in ta bushe in ɗora launin fata. Ta daman ma haka take da."

"Me ya sa ka fara raya wadda ta tafi?"

"Ni bahago ne. Daga dama nake farawa, don kada hannuna ya goge abin da na yi. Yarinya ɗaya na zana sau biyu, ɗana. Ka kira waccan Kehinde mana, shi ke nan."

"Ba zai yiwu ba. Uwarsu ta riga ta zo ta kira ta daman da sunanta, har wake ta ajiye mata."

"To, ashe waken ba nawa ba ne," in ji shi. Ya ga ban yi dariya ba, sai ya ajiye buroshi. "Jikin nata ne?"

Na gaya masa. Na roƙe shi ya sa mata launi a take. Ya kai bayan yatsansa kan kumatun, ya nuna mini: toka ta manne masa.

"Damina ce, ba ya bushewa da wuri. In na ɗora launi a kan ɗanye, cakuɗewa zai yi ya zama taɓo, fuskar ta narke. Kana son ka ga haka?"

Ban so. Na ɗauki hoton na fita da shi bakin titi, na tare shi da rana, ina yi masa fifita da kwali. Masu acaɓa suna wucewa suna tsokanata.

"Baban Tagwaye, tsire kake gasawa?"

Da hadari ya taso na mayar da shi ciki. Baba Akanmu ya ce goshi da hanci sun kusa bushewa, gobe da sassafe zai fara, kuma ba zai tashi ba sai ya gama ta tsaf. Na sa ya rantse.

Washegari da hantsi ina zaune kusa da tabarmar Kehinde. Morenike na goga mata tsumma mai sanyi, ta rame ita ma. Sai yarinyar ta buɗe ido.

"Baba, Taiwo ta zo."

Tsumman ya faɗi daga hannun uwarta.

"Ta zo ina, uwata?" na ce.

"Nan. Ta ce in raka ta kasuwa, atamfar ta yi mata nauyi."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta jira. Baba Akanmu ya ce ba inda zan je sai ya gama ni."

Ta juya ta koma barci. Muka dubi juna ni da Morenike. Ni ne jiya na sa tsohon ya rantse zai gama ta yau.

Ban tsaya neman takalmi ba. Na bi ta cikin kasuwa da gudu, na ture tiren mai gasasshiyar ayaba, tana zagina ban waiwaya ba. Duk hanya ina lissafin abin da ya rage a fuska in an gama goshi da hanci: kumatu, baki, haɓa. Tsohon yana da sauri in ya zauna.

Na same shi a sunkuye, buroshi a hannun hagu. Kehinde ta hagu ta yi kyau, idonta na haske, har ɗan tabon da ke haɓarta ya fito. Kunne ɗaya kawai ya rage toka-toka, kuma can hannunsa ya nufa.

Na riƙe masa wuyan hannu.

"Kai, jiya kuka kake in gama, yau kuma kokawa?"

"Bar shi haka, Baba. Kada ka taɓa kunnen nan. Ko yau, ko gobe, ko bayan raina."

Na gaya masa abin da ta ce. Ya daɗe yana kallon kunnen. Sannan ya tsoma buroshin cikin mai ya wanke.

"Shekara da shekaru ban taɓa sakin aiki rabi ba," in ji shi. "Za a ce Akanmu ya tsufa, ya manta kunne."

"A ce."

Bai sa hannu a ƙasan hoton ba, ya ce sai aiki ya ƙare ake sawa.

Zazzaɓin ya sauka a cikin makon. Likita ya ce maganin ne ya kama, ban musa masa ba. Hoton na rataye a ɗakinmu, sama sosai, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kehinde ta fara son zane yanzu, malamarsu ta ba ta fensira masu launi. Jiya na tarar ta jawo kujera gindin bangon, tana ɗaga kai.

"Baba, kunnena bai da kala. In gyara?"

Na sauke ta, na fitar da kujerar tsakar gida. Fensiran suna cikin akwatin kayan aikina, a kulle.