Ranar da Yaya Ya Yi Kyauta

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba. In ya yi tsami, laifina ne.

Auta na tsaye a ƙofar ɗakin yayanta tana kallon yadda ake wawason kayansa. Yayan nan fa hannun jarirai gare shi, ko caja ka ara sai ya tsaya a kanka har wayarka ta cika. Amma yau ga shi a bakin katifa yana rabo.

"Takalmin ƙwallon nan fa?" in ji Kawu, wanda tumbi ya raba shi da ganin ƙafarsa tuntuni.

"Ɗauka, Kawu."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ai addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Tun da ya faɗi jarrabawa yake kwance ba ci ba wanka, yau ga shi har da murmushi."

Yaya ya ɗauko kyanwarsa, wadda ko shafa ta ba ya bari a yi, ya dangwara wa Auta. "Ke Sarkin Karatu, riƙe ta. Ki kula da ita bayana."

Auta ta ƙanƙame kyanwar. Ta taɓa karantawa a laburaren makaranta cewa wanda ya daɗe cikin ƙunci, in ya wayi gari ya natsu yana rabar da abin da ya fi so, wani lokaci ban kwana yake yi. Littafin ya ce a tambaye shi kai tsaye. Sai dai marubucin bai san Auta ba, yarinyar da in an kira sunanta a aji sai ta yi tuntuɓe da kujera.

"Yaya, kana... kana son shayi?"

"A'a."

"Kana... ƙarfe nawa?"

Kyanwar ta gaji da matsa, ta yakushe ta. Zafin ne ya ɓalle mata baki.

"Yaya, tunanin kashe kanka kake yi?"

Kawu, da ke tsalle da ƙafa ɗaya yana cusa takalmi, ya zube a kan kwandon wanki. "Ke! Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Auta ba ta kalle shi ba, Yaya take kallo. Shi kuwa ya zuba wa siminti ido. Da ƙyar ya ce, "Ke da ko baƙo ba kya iya gaisarwa." Ya ɗago ya dube ta. "Na rasa yadda zan faɗa ne."

Umma ta ajiye ludayin a ƙasa, miya da komai, ta zauna kusa da shi ta kama hannunsa. "Faɗa mini yadda ya zo maka, ba zan yi faɗa ba. Kai kuma Kawu, tashi daga kan kayan wankina ka nemo mana mota, likita za mu gani."

Kawu ya fita da gudu, ƙafa ɗaya takalmin ƙwallo, ɗaya silifa. Yaya ya fara magana a hankali, kansa a kafaɗar Umma.

Auta ta ja da baya, ta sulale ta bayan labule. Ba wanda ya lura.