Buhu Arba'in na Sabo

Sabo ɗan hatsi ne a kasuwar Suleja. Bara da kaka ya ji kowa yana cewa masara za ta yi tashin gwauron zabo, sai ya tafi Izom ya saro buhu arba'in, ya jibge a shago.

Masara kuwa ta ƙi tashi. A wata na uku ma sauka ta fara yi. Duk wanda ya zo ya taya, sai Sabo ya girgiza kai ya ce, "Albarka. Ba zan sayar ƙasa da yadda na saya ba."

Wata Talata yayarsa Azumi, mai sayar da abinci a bakin titi a Gauraka, ta biyo sayen gero. Ta soka hannu cikin wani buhu, ta fito da masara duk huji.

"Sabo, ƙwari sun shiga."

"Na gani, Yaya. Jira nake ta koma kuɗinta."

"Masara ta san nawa ka saye ta ne?" Ta kaɗe hannunta. "In tambaye ka. Da yau kuɗi ne a aljihunka ba buhunan nan ba, za ka saye su?"

Sabo ya dubi buhunan.

"Gaskiya ko kallonsu ba zan yi ba. Doya zan saro, ita ke tafiya yanzu."

"To ba riba kake jira ba, kunyar a ce ka faɗi kake ji. Kunya kuwa ba ta cika tukunya."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Washegari ya kira Opeyemi, mai gidan kaji a Chaza, wadda ta sha taya masarar yana hana ta. Ta zo da mota ta kwashe duka. Da motar ta tashi sai da ya ji kamar an cire masa haƙori, amma kafin Juma'a shagon ya cika da doya, ciniki ya dawo.

Bayan mako biyu masara ta ɗan ɗaga. Lukuman, maƙwabcinsa a kasuwa, ya leƙo yana dariya.

"Oga Sabo, da ka yi haƙuri!"

Abin ya sosa wa Sabo rai, ba ƙarya. Amma ya ce, "Ranar da na sayar, da ni da kai babu wanda ya san haka. Da abin da na sani na yi aiki."

Ya juya wurin wata mata da ke ɗaga doya tana gwada nauyinta.

"Hajiya, ɗauki wannan, ta fi daɗin sakwara."