Ɗari Biyar da Sittin

…kuma ai kin haye. Ɗari biyar da sittin, in ji takardar gwajin jininki. Sabon littafi ya ce ɗari biyar da hamsin, tsohon da muka yi karatu da shi ya ce ɗari biyar ma ta wadatar. Kin tsallake duka biyun, Mairama. To me ya hana ni rubuta "lafiya" in rufe fayil ɗinki?

Biro yana hannuna tun azahar. Fanka ta tsaya. Masu albasa suna lodi a bakin kanal ɗin noman rani, wani yana ta yi wa direba masifa.

Sati uku ke nan. Na ɗebi jininki, na yi miki allurar da ke zaburar da 'yan tsokar nan biyu na saman ƙoda, na tsaya da agogo minti talatin cif, na sake ɗiba. Kamar a buɗe ƙofar kanal ne a ga ko ruwa zai taho. In suna da rai, sinadarin da ke riƙe da jini da gishirin jiki zai hau. In sun mutu… shiru. Ni da kaina na kai kwalaben Zariya, cikin fulas da ƙanƙara. Allurar nan guda ɗaya ce ta rage mana a asibiti, babu ta biyu.

Kafin allura, ɗari huɗu da saba'in. Bayanta, ɗari biyar da sittin. Casa'in kawai ya ƙaru, ana son ɗari biyu. Wani malamin ya ce a duba inda sinadarin ya kai, wani ya ce a duba nawa ya hau — su da ba su taɓa ganinki ba.

Inno, surukarki, ita ta riƙo ki daga rugarku ta bayan Bunkure. "Likita, kanwar shanu take lasa. Ta miƙe sai ta faɗi." Jininki ya yi ƙasa, tamanin bisa hamsin. Dasashi ya yi duhu, layukan tafin hannu kamar an bi su da gawayi. Talatu nas ta yi dariya, wai rana ce, wa ya taɓa yin fari a fadama? Rana ba ta shiga baki, Talatu.

Amma ɗari huɗu da saba'in tun kafin allura? A jikin da ko tsayuwa ba ya iyawa? Ba a farawa daga sama haka, sai dai mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko mai —

Na tambaya ai. Na tambaya! "Kina da ciki?" Kika sunkuyar da kai, kika ja bakin mayafi. Inno tana tsaye a kanki. Kin girgiza kai… ko kuwa ba ki girgiza ba? Na dai rubuta "babu".

Kai, Iliyasu, wai kai ne likita. Ɗan garin Kura haifaffe. Yaya Kulu wata shida tana ɗaure cikin fari da zani, ko Gwaggo da ta raine ta ba ta gaya wa ba, a gabanka aka yi. Yau kai ne ka dubi Bafulatana, amaryar bara, a gaban uwar mijinta, kana jira ta ce maka e? Shekara shida na karatun likita, sun koya min komai, sun mantar da ni wannan. Wallahi kunyar kaina nake ji.

Ciki yana kumbura lambar nan. Takarda ta nuna da yawa, abin da jiki ke samu kaɗan. Layin ɗari biyar da hamsin ba a kan mai ciki aka ja shi ba. Nata yana can sama — ina? Littattafan biyu sun yi gum.

Tsaya tukuna. In ciki ne, ai amai ma nasa ne. Jiri, kwaɗayin kanwa, har duhun fata… laulayi kawai. In ɗora wa mai lafiya ƙwaya safe da yamma har ƙarshen rayuwarta, a ruga? In kuma na ƙyale ki, naƙuda ta zo a daji, jikin ya nemi abin da babu, jini ya faɗi bai sake tashi ba…

Na ce ku dawo ranar kasuwa. Kasuwa biyu ta ci, ba ku zo ba. Hammadu mijinki ya gaya min a bakin ƙofa: da ruwan farko ya sauka manoma za su yi shuka, su kuma za su kaɗa shanu su tashi. Ban tambaye shi ina za su ba.

Wata nawa ne, Mairama? Huɗu? Biyar?

Masu albasa suna ihu a jawo tampol. Ga ruwan nan ya fara ɗiga a kan kwanon rufi, ɗaya… biyu…

Da ma cewa kawai na yi Inno ta ɗan jira a waje.